Farfaɗo da Zuciya da Numfashi: Ilmin da Ya Kamata Ɗalibin Jinya Ya Shiga Makaranta da Shi

Gabatarwa

A hutun da ya wuce wata ɗiyar ƙanwata, wadda ta gama makarantar sakandare a Maiyama, ta zo gidana da takardunta a cikin jaka, tana so in duba mata ko ta cika sharuɗɗan shiga makarantar koyon aikin jinya. Muka zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Tana da kiredit biyar ɗin da ake nema, watau Turanci da lissafi da ilmin halittu da kemistiri da fiziks, kuma a zama ɗaya ta same su, alhali ƙa'ida ta yarda har da zama biyu. Ta yi murmushi ta ce, "Kawu, ashe ke nan na gama shiri." Sai na tambaye ta: idan wani ya yanke jiki ya faɗi yanzu a ƙofar gidan nan, numfashinsa ya ɗauke, me za ki yi masa? Ta yi jim, sa'an nan ta ce za ta yayyafa masa ruwa, ta aika a kira mai mota.

Ban ga laifinta ba, domin amsar da mafi yawanmu za mu bayar ke nan. Amma kafin motar ta iso, balle ta kai asibiti, lokacin da ake iya ceton wannan mutum ya riga ya ƙare. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan dabarar farfaɗo da zuciya da numfashi, wadda Turawa ke taƙaita sunanta da haruffa uku, CPR, da dalilan da suka sa makarantun jinya a wasu ƙasashe ba sa barin ɗalibi ya taɓa maras lafiya sai ya nuna shaidar ya iya ta, da kuma abin da ya kamata mu yi a kan haka a Jega da Aliero da Maiyama.

Abin da ke faruwa idan zuciya ta tsaya

Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa, kuma a cikin wannan minti tana tura jini kimanin lita 5 zuwa sassan jiki. Jinin nan shi ke ɗauko iskar oksijin daga huhu ya rarraba wa ƙwayoyin halittar jiki. A cikin gaɓoɓin da ke jiran wannan iska babu wadda ta kai ƙwaƙwalwa buƙata. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana shan kusan kashi 20 cikin ɗari na oksijin ɗin da jiki ke amfani da shi, kuma ba ta da rumbun da take ajiye shi.

Saboda haka, idan zuciya ta daina tura jini, mutum zai fita hayyacinsa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Bayan minti 4 zuwa 6 ƙwayoyin ƙwaƙwalwa za su fara mutuwa. Idan aka haura minti 10 ba a yi komai ba, da wuya a samu mutumin, kuma ko an same shi da wuya ya koma yadda yake. Masana sun ƙiyasta cewa kowane minti da ya wuce ba tare da taimako ba yana rage damar rayuwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari.

Ya kamata mai karatu ya bambanta tsayawar zuciya da wasu abubuwa da ke kama da ita. Wanda ya suma yana numfashi, kuma yakan farfaɗo ba da jimawa ba. Mai farfaɗiya yana jijjiga, amma zuciyarsa tana aiki. Wanda jijiyar da ke ciyar da zuciyarsa ta toshe yakan yi kukan ciwon ƙirji da zufa alhali yana cikin hayyacinsa, ko da yake wannan toshewa tana iya kai shi ga tsayawar zuciya. Alamomin tsayawar zuciya biyu ne: mutum ba ya amsawa ko an girgiza shi, kuma ba ya numfashi irin na kullum. Wani lokaci yakan riƙa jan numfashi jefi-jefi da ƙara, kamar mai shaƙuwa ko minshari. Mutane kan ɗauka wannan alamar sauƙi ce, alhali alama ce ta cewa zuciya ta riga ta tsaya.

Yadda aka gano dabarar

Ƙoƙarin farfaɗo da mutum ya faro ne daga bakin ruwa. A shekarar 1767 aka kafa wata ƙungiya a birnin Amstadam na ƙasar Holan domin ceton waɗanda suka nutse, aka kafa irinta a Landan a 1774. Sai dai dabarun wancan zamani sun haɗa da masu amfani da marasa amfani, har da mirgina mutum a kan ganga.

Dabarar da ake amfani da ita yau ta haɗu ne a ƙasar Amurka. A shekarun 1950 likitoci biyu, James Elam da Peter Safar, suka tabbatar da cewa iskar da mutum ke fitarwa daga bakinsa ta isa ta rayar da wani. Dalilin kuwa a fili yake ga ɗalibin ilmin halittu: iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin ɗari, wadda muke fitarwa kuma tana da sauran kimanin kashi 16. A 1960 kuma wasu masu bincike uku a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo, watau William Kouwenhoven da James Jude da Guy Knickerbocker, suka wallafa rahoton marasa lafiya 20 waɗanda zukatansu suka tsaya aka danna musu ƙirji daga waje, 14 daga cikinsu suka rayu. Kafin wannan lokaci abin da likitoci suka saba yi shi ne su tsaga ƙirji su matsa zuciyar da hannu. Abin sha'awa shi ne Kouwenhoven injiniyan lantarki ne, kuma a wajen gwaji a kan karnuka aka lura cewa danna ƙirji kaɗai yana ɗaga ƙarfin gudun jini. A wannan shekara ta 1960 wani mai ƙera kayan wasan yara a ƙasar Norwe, Asmund Laerdal, ya fito da mutum-mutumin roba da ake koyon aikin a kansa, wanda har yau ake amfani da ire-irensa.

Yadda ake yi

Zuciya tana zaune ne tsakanin ƙashin ƙirji da ƙashin baya. Idan aka danna ƙashin ƙirji da ƙarfi, jini zai fita daga zuciya zuwa jijiyoyi, idan aka saki kuma ta sake cika. Jinin da wannan ke turawa bai wuce rubu'i zuwa sulusin wanda zuciya mai lafiya ke turawa ba, amma ya isa ya riƙe ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci.

Da farko mai taimako zai tabbatar babu haɗari a kansa, alal misali wayar lantarki ko motoci masu wucewa. Zai dafa kafaɗun mutumin ya kira shi da ƙarfi. Idan bai amsa ba, kuma ba ya numfashi sosai, sai ya nuna mutum ɗaya takamaimai ya ce ya nemo taimako ko ya kira lambar gaggawa ta 112. Sa'an nan ya kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, domin katifa tana shanye ƙarfin dannawa. Zai durƙusa a gefensa, ya ɗora tushen tafin hannu ɗaya a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kansa, ya miƙe gwiwoyin hannu, ya riƙa dannawa har ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, watau kusan sau biyu a kowace daƙiƙa. Wajibi ne a bar ƙirjin ya dawo daidai bayan kowace dannawa.

Wanda ya sami horo zai yi dannawa 30, sa'an nan ya ɗaga haɓar mutumin, ya toshe masa hanci, ya hura masa iska a baki sau 2, yana kallon ƙirjin yana tashi, ya koma ga dannawa. Wanda bai sami horo ba, ko yake ƙyamar haɗa baki, ya ci gaba da dannawa kawai ba tsayawa. Tun 2008 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta amince da haka ga baligin da ya faɗi ba zato. Amma ga wanda aka tsamo daga ruwa, da kuma ƙananan yara, hura iska tana da muhimmanci ƙwarai, domin rashin iska ne ya tsayar da zuciyar tun farko. Aikin yana da gajiyarwa, shi ya sa ake so masu taimako su riƙa karɓar juna bayan kowane minti 2.

Dannawa ita kaɗai ba kasafai take tayar da zuciyar baligi ba. Sau da yawa zuciyar tana karkarwa ne ba tsari saboda lantarkinta ya rikice, kuma abin da ke daidaita ta shi ne wata na'ura mai ba ta girgizar lantarki. Aikin dannawa shi ne ya riƙe ƙwaƙwalwa da rai kafin na'urar ta iso. Masu sha'awar ƙwallon ƙafa za su tuna ranar 12 ga Agusta, 1989, lokacin da Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana tsakiyar wasa da Angola, ya rasu yana da shekara 25. Za su kuma tuna ranar 12 ga Yuni, 2021, lokacin da Christian Eriksen na ƙasar Danmak ya faɗi a wasansu da Finlan. Nan take aka fara danna masa ƙirji a cikin fili, aka sa masa na'urar, ya farfaɗo, daga baya ma ya koma buga ƙwallo. Ba wanda zai iya cewa ciwon mutanen biyu iri ɗaya ne, amma labarin na biyu ya nuna wa duniya abin da shiri ke iya yi a cikin mintocin farko.

Takardar shaida: a waje da kuma a gida

A Amurka makarantun jinya da yawa suna sa shaidar koyon wannan dabara a cikin sharuɗɗansu, wasu tun wajen neman shiga, wasu kafin ɗalibi ya fara zuwa asibiti koyon aiki. Horon da suka fi karɓa shi ne na Ƙungiyar Zuciya ta Amurka wanda aka tsara domin ma'aikatan lafiya. Ana yin sa cikin 'yan awoyi, ana gwada ɗalibi a kan mutum-mutumi a gaban malami, kuma shaidar tana aiki ne shekara 2 kacal, sai a sake. An sa wannan wa'adi ne saboda bincike ya nuna cewa hannu yana manta aikin cikin 'yan watanni idan ba a maimaita shi.

A Nijeriya, Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda aka kafa a 1979, ita ke tsara manhaja da ba da lasisi. Abin da makarantu suka saba nema daga mai son shiga shi ne kiredit biyar ɗin da muka ambata, da jarrabawar shiga, da ganawa. Taimakon farko yana cikin abin da ake koyarwa bayan an shiga. Tambayar ita ce ko ya dace a jira har sai lokacin, da kuma ko ɗalibin zai ɗora hannunsa a kan mutum-mutumi ne ko kuwa a allo kawai zai gani.

Ƙasar Danmak ta ba da misali mai kyau na amfanin farawa da wuri. Ta wajabta koyar da dabarar a makarantun firamare a 2005, ta kuma sa ta cikin sharuɗɗan samun lasisin tuƙi a 2006. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2010 yawan waɗanda mutanen da ke kusa suka fara yi wa taimako ya tashi daga kashi 21 zuwa kashi 45 cikin ɗari, waɗanda suka rayu har bayan kwana 30 kuma suka ƙaru daga kashi 3.5 zuwa kashi 10.8. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan shirin koyar da 'yan makaranta wannan aiki tun daga shekara 12. Idan yaro ɗan shekara 12 zai iya, babu dalilin da zai sa mai neman zama ma'aikacin jinya ya kasa.

Halin da yankinmu yake ciki

Jega mahaɗa ce ta hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri, ga babbar kasuwa, ga kuma Gulbin Zamfara a gefen gari, inda yara ke wanka, masunta da manoman fadama ke aiki. Maiyama tana kan hanyar da ta nufi Koko da Yawuri, wadda manyan motoci ba sa yankewa a kanta. Aliero kuwa garin albasa ne, mutanenta suna wuni tsakanin rijiyoyi da injinan ban-ruwa. Nutsewa a ruwa da haɗarin hanya da kamun lantarki duk abubuwa ne da muka sani. Jihar nan ba ta manta da kifewar jirgin ruwa kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayun 2021 ba, inda mutane masu ɗimbin yawa suka rasa rayukansu. Dabarar farfaɗowa ba ta da amfani ga wanda ya daɗe a ƙarƙashin ruwa, amma a kowane irin wannan haɗari akwai waɗanda ake tsamowa da wuri, kuma makomarsu tana hannun wanda ya fara isa gare su.

Manyan asibitocin da suka fi kayan aiki suna Birnin Kebbi, kuma daga Jega tafiyar ba ta kasa rabin awa a mota. Daga ƙauyukan Maiyama ta fi haka nesa ba kusa ba. Idan muka auna wannan da minti 4 zuwa 6 da ƙwaƙwalwa ke iya jurewa, za mu ga cewa mutumin da ke tsaye a wurin shi ne asibitin farko. A ƙauyukanmu kuwa, da zarar an ji yarinya ta shiga makarantar jinya, ko yaro ya shiga kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega, shi ke nan an fara kiransu likita. Su za a buga wa ƙofa da tsakar dare, ko da makonsu uku kacal da fara karatu.

Har ila yau akwai jarirai. Wasu jarirai ana haihuwarsu ba sa numfashi, kuma abin da akasarinsu ke buƙata shi ne a goge su, a shafa bayansu, idan ba su yi kuka ba a hura musu iska da 'yar jaka ta musamman a cikin minti na farko. A 2010 aka fito da wani shiri na koyar da ungozomomi wannan aiki a ƙasashe masu ƙarancin kayan asibiti. Da aka gwada shi a asibitoci 8 na ƙasar Tanzaniya, mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin ɗari. Hanyar farfaɗo da jariri ta bambanta da ta baligi, amma tushen ɗaya ne, kuma ɗalibin da ya saba da ɗaya zai fi saurin kama ɗayar.

Ƙorafe-ƙorafen da za a iya yi

Wani zai ce ƙara sabon sharaɗi zai toshe wa 'ya'yan talakawa hanya. Wannan magana tana da ƙarfi. Idan aka ce sai ɗalibi ya je Sakkwato ko Abuja ya biya kuɗi ya karɓo takarda, ɗan manomin albasa zai koma gida, kuma ba da jimawa ba za a fara sayar da takardar ga wanda bai taɓa durƙusawa a gaban mutum-mutumi ba. Saboda haka shawarata ita ce makarantar da kanta ta shirya horon a makon farko na sababbin ɗalibai, ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma kada a bar kowa ya shiga ɗakin marasa lafiya sai malami ya ga dannawarsa da idonsa. A maimaita gwajin kowace shekara har ya gama.

Wani kuma zai ce, tun da na'urar girgiza zuciya da motar ɗaukar marasa lafiya sun yi ƙaranci, mene ne amfanin dannawa? Gaskiya ne cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, mafi yawan waɗanda zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti ba sa rayuwa, kuma wajibi ne a faɗa wa ɗalibai haka domin kada su ɗora wa kansu laifi. Amma wanda ya nutse, da yaron da abu ya shaƙe, da jaririn da bai yi kuka ba, sau da yawa iska da dannawa kaɗai sun ishe su. Bugu da ƙari, ma'aikatan da suka iya aikin su ne za su matsa wa hukuma ta sayo na'urar.

Akwai kuma tsoron karya haƙarƙari. Yakan faru, musamman ga tsofaffi. To amma mutanen Aliero, da suka shahara a ƙasar Hausa wajen ɗori, sun fi kowa sanin cewa ƙashi yana haɗewa, ƙwaƙwalwar da ta mutu kuwa ba ta da ɗori. Sai batun kunya tsakanin maza da mata, wanda kan sa namiji ya ja da baya idan mace ce ta faɗi. Malamanmu sun san hukuncin larura, kuma zai yi kyau su yi wa jama'a bayaninsa. Hanya mafi sauƙi dai ita ce a koyar da mata da yawa, ta yadda za a sami mai iyawa a cikin kowane gida. A wajen horon kuma a gaya wa ɗalibai abubuwan da za su hana mutane yi: ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa ko madara, cusa masa cokali a baki, ko ɓata lokaci wajen matsa cikin wanda ya nutse wai don ruwa ya fito.

Kammalawa

Abin da ake buƙata domin fara wannan aiki bai fi ƙarfinmu ba: 'yan mutum-mutumi kaɗan, da tabarma, da malamai da suka sami horo, da yini guda. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, da kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega, da kwalejin jinya ta Birnin Kebbi, za su iya haɗa kai da Ƙungiyar Agaji ta Red Cross su horar da sababbin ɗalibansu. Daga nan ɗaliban su zagaya makarantun sakandare na ƙananan hukumomin uku su koyar da 'yan ajin ƙarshe, da direbobin tasha, da masunta, da 'yan agaji na masallatai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malaman ilmin halittu a sakandare ma suna da rawar takawa, domin darasin zuciya da gudanar jini yana cikin manhajarsu, kuma awa ɗaya ta gwaji za ta sa ɗalibi ya fahimci darasin fiye da zanen allo.

Ɗiyar ƙanwata dai ba ta bar gidana ba sai da ta durƙusa a kan tabarma ta danna matashin kai sau 30, ina ƙirga mata, har hannuwanta suka gaji. Matashi ba ya maye gurbin mutum-mutumi, ni kuma ba malamin jinya ba ne, shi ya sa na ce mata ta nemi horo na sosai kafin ta fara karatu. Ina kira ga shugabannin makarantunmu na lafiya da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi da su sa wannan horo a farkon zangon karatu mai zuwa. Allah ya sa mu dace.